Don Allah a taimaka, tsofaffin kalmomin Turanci sun tsaya min a wuya

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu, ga goyo, maigida yana Legas, sai yara sun yi barci nake buɗe littafi. Wata uku ina fassara wasu shafukan masanin falsafa John Locke zuwa Hausa. Na ga "accident" na rubuta hatsari, malamin da ke duba aikina ya zagaye ta da jan biro, ko uffan bai ce ba. Yanzu a wani littafin na ci karo da "quiddity" da "phlogiston", ƙamusuna babu su. Saura sati biyu. Ya zan yi?

Na-Zaure: Wa alaikis salam. Malama, matsalarki ba ta Turanci ba ce. "Accident" a falsafa shi ne aradi, sifar da ba ta tsayuwa da kanta sai a jikin wani abu, kamar farin alli. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta tauhidi ya san jauhari, wato abin da ke tsayuwa da kansa, da aradi. "Quiddity" kuwa ita ce mahiyya ta Ibn Sina, wato ainihin abu, an ƙera ta a Latin daga "quid", wato mene ne. Rubuta su haka.

Abu Sadik: "Phlogiston" dai kada ki fassara. Stahl, wani Bajamushe, ya ce wani sinadari ne da ke fita daga duk abin da ke cin wuta. Lavoisier, wani masanin kimiyya Bafaranshe, ya rushe maganar a shekarun 1780 da bayanin iskar oksijin. Abin da babu shi, wane suna za ki raɗa masa? Ke ma kin samu mai jan biro, ni nawa wata bakwai aikina yana kan teburinsa.

Maman Iman: Na gode. Amma Malam, 'yan sakandare nake nufi da fassarar. In na sa aradi, ai na cire duhu na sa duhu.

Na-Zaure: To su koya mana! Hatsarin ne suka gane?

Yaya Binta: Ƙanwata, nemi babban ƙamus na Oxford a laburare, yana nuna ma'anar kalma zamani bayan zamani. Ki bar ta da Turanci, ki yi bayani a ƙasa.

Na-Zaure: Wannan ba fassara ba ce, Hajiya.

Maman Iman: Laburarenmu ƙarfe huɗu ake rufewa, wa zai riƙe min yaro? Ni har yanzu ina ganin "sifa" ta isa. Akwai wanda ya taɓa amfani da ita?