Yaro mai sikila ya kamu da zazzaɓi bayan an tabbatar mahaifinsa yana da korona

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara huɗu, kuma yana da cutar sikila. Kwana biyar da suka wuce aka tabbatar mahaifinsa yana ɗauke da korona, yau kuma yaron ya tashi da tari da majina, ma'aunin zafi ya nuna 38.6. Yana shan ruwa amma ya ƙi abinci. Shin in kai shi asibiti a daren nan, ko in ba shi farasitamol zuwa safe?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Hajiya, zazzaɓin cizon sauro ne, ki ba shi maganinsa. Korona ba ta damun yara.

Ummu Hanan: Malam, wannan maganar ce ta kusa raba ni da 'yata a 2021. Murarta ta farko ba ta wuce kwana uku ba, har muka manta. Bayan kusan wata guda sai zazzaɓi ya dawo, idanunta suka yi jawur, leɓɓanta suka tsattsage, ƙuraje suka feso, tana riƙe ciki tana amai. Sau biyu mai kemis ɗin unguwarmu ya ba mu maganin taifot. Da muka isa asibiti likita ya ce kumburi ne da ke biyo bayan korona, kuma ya fara taɓa zuciya. Kwana tara muka yi a can, na sayar da 'yan kunnena na biya kuɗin iskar oksijin, ga gwajin korona da aka karɓi naira dubu arba'in.

Baban Sadiƙ: Dubu arba'in? Ni kyauta aka yi mini a cibiyar gwamnati.

Anti Nas: Yawancin yara kan warke a gida, amma waɗanda aka fi kwantarwa su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, da bakwaini, da masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya, ƙiba ko sikila. Maman Biyu, mai sikila da zafinsa ya kai 38.5 ba ya jiran safiya, ko da korona ko babu. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. A shekarunsa, arba'in ko fiye sauri ne. Ki kuma duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki.

Baban Sadiƙ: Da girmamawa, ma'aikaciyar jinya ba likita ba ce. Ni na raini 'ya'ya bakwai.

Ɗan Kasuwa: A wannan lissafin kakata farfesa ce, domin sha ɗaya ta raina.

Ummu Hanan: Abin da har yau yake ci mini rai shi ne mai kemis ɗin yana nan yana yi wa yara allura ba tare da gwaji ba, kuma babu hukumar da ta taɓa tambayarsa takardar shaida.

Maman Biyu: Anti Nas, na ƙirga arba'in da huɗu. Na tura a kira mai adaidaita sahu.