Babbar kotu ta ba wani gidanmu na gado, za mu iya komawa kotun Musulunci?

Autan_Baba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin shari'a a cikinku ku taimaka min da haske, wallahi kaina ya kulle. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar gida ɗaya mai takardar mallaka ta gwamna, muna cikin shirin rabon gado sai ga wani mutum ya ɓullo da takarda wai Baba ya sayar masa da gidan tun kafin ya kwanta ciwo, mu ko a mafarki ba mu taɓa jin maganar ba, ita kanta Umma da take zaune a ciki ba ta sani ba. Muka kai ƙara wajen 'yan sanda cewa takardar bogi ce, aka gurfanar da shi, aka yi ta ɗage zama har kotu ta sallame shi wai babu gamsasshiyar hujja. Daga nan shi kuma ya maka mu a babbar kotun jiha, aka kwashe shekara huɗu ana je ka ka dawo, yau sati biyar ke nan mai shari'a ya ce gida nasa ne.

Yanzu baffanninmu sun dage wai a bar kotun boko a kai maganar kotun Musulunci tunda gado ne. Hakan zai yiwu? Kuma in za mu ɗaukaka ƙara, za a iya fitar da Umma kafin a gama?

Sarkin_Hira:

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ni ina bayan baffanninka, gado ai ba ruwan babbar kotu da shi, ku tafi kai tsaye kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a rushe wannan hukuncin. Kuma shari'ar dukiya ba sai an kawo hujja mai ƙarfi irin ta laifi ba, wanda shaidarsa ta ɗan rinjaya shi ke da nasara, ban ga yadda aka yi kuka faɗi ba in ba lauyanku ya yi barci ba.

Barista_Mai_Shayi:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Malam Sarkin_Hira ka yi haƙuri zan saɓa maka, domin in suka bi shawararka sai lokaci ya ƙwace musu suna kan hanyar da ba ta ɓullewa.

Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ba ta zama a kan hukuncin babbar kotu, sa'annin juna ne, kowacce in ta yi hukunci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ake tafiya, daga can sai Kotun Ƙoli. Sannan sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya yi mata iyaka: aure da saki da riƙon yara da wasiyya da kyauta da waƙafi da gado. To ku rikicinku ba tsakanin magada ba ne a kan wa zai samu tumuni wa zai samu sudusi, wani ne daga waje ya ce gidan ma ba ya cikin abin da mamaci ya bari. Wannan rikicin mallaka ne tsantsa, kuma Kotun Ƙoli ta daɗe da rufe wannan ƙofar, a shari'ar Magaji da Matari ta shekarar 2000 ta ce kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a rikicin mallakar fili. Ƙari a kan haka gidan naku mai takardar gwamna ne, sashe na 39 na dokar amfani da filaye ta 1978 babbar kotu kaɗai ya ba ikon fara jin irin wannan. Sai an tabbatar gidan na marigayi ne sannan alƙalin Musulunci zai samu abin rabawa. Kuma hurumi ba abin wasa ba ne, tun shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 dokar ita ce duk kotun da ta yi hukunci ba hurumi to aikin banza ta yi, komai kyan hukuncin.

Maganar rinjayen hujja kuwa gaskiya ce amma rabinta ka faɗa. Dokar shaida ta 2011 sashe na 135 ta ce in ka jingina wa mutum laifi a cikin shari'ar dukiya, kuma laifin shi ne ƙashin bayan maganarka, sai ka tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, daidai da yadda ake yi a shari'ar laifi. Cewa takarda jabu ce zargin laifi ne. Mutane da yawa nan suke zamewa, a shiga kotu ana ta rantsuwa wannan ba sa hannun mahaifinmu ba ne, amma ba a kawo abin da za a gwada ba. Ina kyautata zaton nan aka kayar da ku. Ita dai sallamar da aka yi masa a shari'ar laifi ba ta mallaka masa gida ba, abin da take nufi kawai masu gabatar da ƙara sun kasa.

Yanzu abin da ya fi komai gaggawa ɗan uwa shi ne kwanaki. Hukuncin ƙarshe na babbar kotu a shari'ar dukiya wata uku ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka karanta shi ake ƙirgawa, ba daga ranar da dangi suka gama shawara ba. Kun ci sati biyar. Ba sai kun nemi izini ba, haƙƙinku ne a ƙarƙashin sashe na 241 na tsarin mulki, kuma a rajistarar ita babbar kotun ake shigar da takardar. In wa'adin ya wuce ba wai an mutu ba ne, amma sai kun roƙi kotu ta ƙara muku lokaci kun kawo ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, kuma tana iya ƙi. Ku je gobe ku nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, tsarin mulki ma cewa ya yi a ba ɓangarori kwafi cikin kwana 7, duk da dai a aikace sai ka yi ta sintiri.

Batun Umma: ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da zartar da hukunci. Sai lauya ya shigar da buƙata daban ta a dakatar, a fara daga kotun da ta yi hukuncin, in ta ƙi a wuce sama. A haɗa su rana ɗaya, kar a ce sai wani satin.

Maman_Khairat:

Ƙanena ka riƙe maganar Barista da hannu biyu. Mu ta mu shari'ar mu ne ma muka ci a babbar kotu, bashi ne mijina yake bin wani kamfani, ranar muka dawo gida ana ta murna har da su barka, ashe an fara ne. Suka ɗaukaka ƙara suka samu dakatarwa, haɗa kundin shari'ar kawai a aika sama sai da ya ci watanni, yau a ce ba a gama buga bayanan zama ba gobe a ce fayil yana ofishin wane, mu da muke da takardar nasara a hannu mun fi shekara uku ba mu ga ko sisi ba. Daga ƙarshe zama aka yi aka sasanta muka yafe wani abu muka karɓi saura, kotu ta mayar da sulhun hukuncinta.

Ba cewa nake ku sallama gidan ubanku ba, Allah ya kiyaye. Ku ɗaukaka ƙarar domin ƙofa ta zauna a buɗe, amma ku zauna ku 'yan uwa ku yi lissafin gaskiya, wa zai ɗauki kuɗin lauya, kuma Umma za ta iya jure wasu shekarun cikin fargaba? In ba hali akwai hukumar ba da tallafin lauya ta gwamnati, ku leƙa ku ji ko za su karɓa.

Zee_Baby:

Afuwan zan ɗan shigo da tawa tunda Barista yana kusa. Ƙawata a rajista aka ɗaura musu aure, shekara ɗaya da rabi yanzu, abin ya ƙi daɗi. An ce mata ita ma babbar kotu za ta je, gaskiya ne?

Barista_Mai_Shayi:

Gaskiya ne 'yar uwa. Auren rajista dokar shari'ar aure ta 1970 ce take kula da rabuwarsa, kuma babbar kotu ce kaɗai take warware shi. Dalili ɗaya ne doka ta sani, wato auren ya lalace yadda ba zai gyaru ba, sai ka nuna hakan ta hanyoyin da aka lissafa, kamar cin amana ko zama a rabe shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko shekara 3 ko ya ƙi. Matsalarta ita ce ba a cika shekara 2 da auren ba, a ƙa'ida sai ta nemi izinin kotu kafin ta shigar, in ban da wasu 'yan dalilai da doka ta ware. Ko an yanke ma hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata, kar ta yi gaggawar sa ranar wani auren. A Ingila inda muka gaji tsarin babbar kotunsu sashen iyali daban yake, mu a nan sau da yawa mai shari'a ɗaya ne zai ji kisan kai da safe, rikicin fili da hantsi, sakin aure kafin a tashi, shi ya sa ake ganin ɗage zama ba iyaka.

Autan_Baba:

Allah ya saka da alheri Barista, Yaya Maman_Khairat na gode. Na kira lauyanmu yanzu, abin da ka hango ne, ba a kira masanin rubutun hannu ba, ni da yayana ne kawai muka ba da shaida. Amma jiya Umma ta buɗe akwatin Baba mun samu tsofaffin takardun banki da sa hannunsa, kuma bai yi kama da na takardar mutumin ba ko kaɗan. Za mu iya kai su sama tare da masani?

Barista_Mai_Shayi:

Kar in yaudare ka, da wuya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba sake shari'a take yi ba, alƙalai uku ne za su zauna da kundin abin da ya gudana a ƙasa su duba ko mai shari'a ya yi kuskure. Sabuwar hujja sai da izini, kuma tambayar farko da za su yi ita ce, da kun yi bincike yadda ya kamata ba za ku same ta tun ana shari'a ba? Akwatin yana ɗakin Umma duk shekarun nan. A gwada dai, amma kar a ɗora komai a kansa.

Ni inda zan fi sa ido shi ne ɓangaren shi mai ƙarar. Wanda ya nemi kotu ta ce gida nasa ne da ƙarfin hujjarsa yake ci, ba da raunin taku ba. Su wa suka shaida cinikin, sun zo kotu? Ta ina aka biya kuɗin? An nemi amincewar gwamna da sashe na 22 na dokar amfani da filaye ya shar'anta? Wannan na ƙarshen ba laya ba ne, kotuna sun sha cewa yarjejeniyar da ke jiran amincewa ba ta ɓaci ba, amma a duba ko an tayar da shi da yadda aka amsa. Ka kai kwafin hukuncin wajen wani lauyan daban ya karanta da sabon ido, wanda ya yi shari'ar da wuya ya ga inda shi ya yi sakaci.

Autan_Baba:

To shi ke nan, gobe da sassafe ina rajistara in sha Allah. Baffa ne dai ban san ta inda zan ɓullo masa ba, ya riga ya yi wa wani magatakarda magana.