Me za mu kira cruising speed na jirgin ruwa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina neman kalma. Jirgin ruwa mai tafiya da iska, in iskar ta kwanta, sai a tayar da ƙaramin injin dizal. Gudun da ake ajiye shi a kai a doguwar tafiya Turawa na ce masa cruising speed. Na rubuta "matsakaicin gudu", amma bai kwanta mini ba.

Bakaniken Inji: Wa alaikumus salam. Da gaskiyarka Malam, matsakaici lissafi ne da ake yi bayan an isa. Wannan kuwa wuri ne da ake tsayar da totur, galibi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙurewar juyin inji. Ɗauki inji mai ƙarfin doki 30 da ke ƙurewa a juyi 3,600 a minti. A 2,500 farfela ba ta jan fiye da kusan doki 10, domin nauyinta yana ninkuwa ne da sauri ƙwarai in juyi ya ƙaru. Dizal kuma wajen lita ɗaya a awa yake sha kan kowane doki biyar da ke aiki. Ka ga lita 2 ke nan a awa. Ƙure totur, ya koma wajen 6.

Matuƙi: Kuma ninkin ukun nan ba gudu yake saya ba, Oga. Jirgin da tsawonsa a kan ruwa mita 9 ne, iyakarsa kusan not 7.3, wato kilomita 13 da rabi a awa. Da ya doshi nan sai igiyar ruwan da yake tayarwa ta kai tsawon jikinsa, gindi ya nutse, goshi ya ɗaga, ya dinga hawan tudun da shi ya gina. Mu ce yana not 6 a kan lita 2, not 7 a kan lita 6. Tankin lita 100 zai kai shi mil 300 na ruwa a na farko, a na biyu ko 120 ba zai cika ba. Ni dai "gudun tattali" nake gani.

Bakaniken Inji: A'a, tattali daban. Mai son tattali zalla ƙasa da haka zai sauka, kuma injin dizal da ya daɗe kusa da silo ba ya ɗaukar zafi sosai, baƙin hayaƙi ya daskare a salansa, silinda ta yi santsi ya fara cin baƙin mai.

Malamar Hausa: To ku duba fatake. Madugu ba ya kora jakuna, ba ya kuma barinsu su yi nawa. Takun da zai kai ayari zango kafin rana ta faɗi yake riƙewa. Me zai hana "gudun zango"?

Matuƙi: Ya zauna daram, Malama. Sai dai a riƙa haɗa shi da "shan mai a awa", don injin jirgi agogon awa gare shi, ba maleji ba. Cika tanki, rubuta awa, sake cikawa, raba lita da awa. In juyi bai canza ba amma gudu ya ragu, a leƙa ƙasan jirgi: gansakuka da ƙananan katantanwa sun kama farfela.

Mai Fassara: Na gode. Na sa "gudun zango". Saura hull speed, wato iyakar gudun nan da Matuƙi ya bayyana, "iyakar gangar jirgi" ta yi, ko akwai mai gajeriya?