Injin buga turken shinge na bayan tarakta: tawa za ta iya ɗauka?

Mai_Eka_Goma: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa aiki da injin kafa turakun shinge, irin wanda ake ɗaura wa tarakta. Gonata ƙarama ce, zan zagaye ta da waya saboda tumaki da 'yan shanu, daga baya in yanka ta gida-gida. Taraktar mai ƙarfin doki 35 ce, ƙugiyarta ta baya mai hannu uku ce rukuni na 1, bakin jona tiyon haidirolik ɗaya ne tak. Ƙasar laka ce, sai gefe guda mai tsakuwa. Tambaya biyu: za ta iya da mai guduma? Kuma wanda ake saita tsayuwarsa da hannu ya isa, ko sai wanda man haidirolik ke karkatawa? Don Allah ban da maganar injin haƙa rami, na riga na bar wannan shawarar.

Sarkin_Huɗa: Wa alaikumus salam. Malam, ka sayi injin haƙa rami kawai ka huta.

Mai_Eka_Goma: Allah Ya ba ka haƙuri, karanta layin ƙarshe.

Injiniya_Mai_Ritaya: Gaskiyarka da ka bar shi. Turken da aka buga ya fi riƙo, don ƙasar gefensa ba a tone ta ba, nan take za ka ja waya. Ƙarfin doki ba shi ne abin dubawa ba. Duba littafin taraktar ka ga galan nawa na man haidirolik famfonta ke turawa a minti. Ƙaramin na kamfanin Shaver, HD-8, galan 3 zuwa 4 yake nema, kuma sun rubuta ƙarfin bugunsa ya kai nauyin fam 30,000. Babbansa HD-10 ya fi buƙatar man haidirolik sosai. Ƙugiya uku ɗin nan, tun da Harry Ferguson ya yi mata rajista a 1926...

Ɗan_Kwangila: To, an fara darasin tarihi. Yallaɓai, turke nawa ka taɓa bugawa da hannunka?

Baban_Tumaki: Ɗana, kafin ka fitar da kuɗinka tsaya ka ji nawa. Wanda aka taɓa amfani da shi na saya. Mai sayarwa ya rantse mini cewa sai dai in jona tiyo in fara aiki. Na jona. Guduma ta hau sama lafiya lau, wajen saukowa sai ta riƙa sulalowa a hankali, ta dafa kan turken ta zauna. Na kira shi, ya ce taraktata ce ba ta da ƙarfi. Na kai wa makanike, ya ce famfo ne ya gaji, aka canja famfo. Kuɗin famfon kaɗai ya isa a yi mini rabin shingen. Aka dawo gona, jiya i yau. Sai da wani yaro da ya taɓa aiki da irinsa ya leƙo, ya ce Baba ina tiyon da ke mayar da mai? Ashe irin wannan injin, man da ke fita daga silinda dole ya koma cikin tanki kai tsaye ta babban tiyo. In ka bi da shi ta bawul ɗin tarakta, man ba ya samun hanyar gudu, shi ke riƙe gudumar. Mai sayarwar ya san haka, ya cire tiyon ya ajiye bai faɗa mini ba. Kafin a gama wannan kai-komo ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe ƙamas. Ina bugawa turaku na tsagewa, wasu kansu ya yi fure. Ana cikin haka sifirin ɗaya na injin ya tsinke, na zauna jiran a kawo wani, tumaki kuwa suna yawo inda suka ga dama. Yanzu ga shi can a jingine, kaji na kwana a kai.

Hajiya_Mai_Madara: Subhanallah. Allah Ya mayar da alheri, Baba. Na wane kamfani ne?

Baban_Tumaki: Amin 'yata. Ko tambarin babu, tsatsa ta cinye.

Sarkin_Huɗa: Baba a sayar mini da shi har da kajin.

Injiniya_Mai_Ritaya: Abin da nake shirin faɗa ke nan aka katse ni. Tiyon komawa tanki yana cikin littafin injin.

Ɗan_Kwangila: Littafi ba ya gaya maka abin da tsakuwa ke yi. Ni sana'ata ce. Mai_Eka_Goma, a laka mai danshi kowane inji gwani ne. A gefen tsakuwar nan turke zai ci karo da dutse ya kauce, ka same shi a karkace. Shi ya sa manyan injuna ke da tsinken ƙarfe, a fara huda hanya da shi sannan a sa itace. Siririn kan turken ake juyawa ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya shige, na kusurwa kuma ya fi kauri ya fi zurfi, don su ke ɗauke da jan waya. Kada ka yarda wani ya riƙe turke da hannu a sama, akwai ƙarfen riƙewa. Na san mai yatsu uku saboda haka. Kuma ka tabbata babu bututun ruwa ko wayar wuta a ƙasa inda layin zai bi. Amma shawarata, kira irinmu mu yi maka, kuɗin bai kai rabin na inji ba.

Hajiya_Mai_Madara: Ai dama can nan za ka ɓullo. Wanda ya yi mini nawa, abin da ya karɓa ya kusa sayen sabo, kuma ya bar min turakun ƙofa suna rawa.

Ɗan_Kwangila: Hajiya ba duka muka taru muka zama ɗaya ba.

Gwauron_Gona: Sabon da na tambaya ya kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin taraktar kanta. Na gudu.

Sarkin_Huɗa: An so a yanke ka ne. Wanda ɗan'uwana ya samu bai kai kuɗin tayoyin baya biyu ba.

Gwauron_Gona: Sabo ko irin na Baba?

Hajiya_Mai_Madara: Ni dai bayan abin da ya same ni na sayi mai saitin hannu. A fili shimfiɗaɗɗe ba laifi. Inda gangare yake, kowane turke sai ka sauko ka murɗa nan ka murɗa can, ka koma ka duba da ma'aunin ruwa. In kai kaɗai ne za ka gaji da hawa da sauka. Kuma gaban taraktar na yin sauƙi in an ɗaga shi, sai da na rataya mata ƙarafan nauyi. Matsalata ɗaya da shi: tun da aka san ina da shi ban huta da masu aro ba.

Baban_Tumaki: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Garmata aka ara, ta dawo ba haƙori biyu, mai aron ya ce haka ya same ta.

Gwauron_Gona: Tirela ta fa? In je karɓar abina, sai in koma kamar ni ne mai roƙo.

Injiniya_Mai_Ritaya: Ni rubutawa nake yi, a sa hannu kafin abu ya fita.

Ɗan_Kwangila: Shi ya sa ba mai gaishe ka, Yallaɓai.

Hajiya_Mai_Madara: Nawa an dawo da shi tiyo a fashe, an naɗe da roba, ko a ce min sannu. In ka hana kuma ka zama marowaci.

Mai_Eka_Goma: Na gode ƙwarai jama'a. Na duba littafin, famfon ya wuce abin da Injiniya ya faɗa. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ko baki ɗayan nan ya isa in na ɗauki mai karkata da mai.

Sarkin_Huɗa: In ka saya ka sanar da ni, akwai wani ɗan layi da nake son rufewa. Kwana biyu kawai zan riƙe.