Furotin ɗin MYC ya ragu, amma mRNA ɗinsa bai motsa ba

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a Ngaundere kan kansar jini ta AML, sati uku ke nan na maƙale.

Na rage METTL3, enzayim ɗin da ke liƙa alamar m6A a jikin RNA, da siRNA (ɗan guntun RNA da ke hana ƙera furotin ɗin da aka nufa). Furotin ɗin MYC, mai ingiza yaɗuwar ƙwayoyin kansa, ya faɗi warwas a Western blot (gwajin auna furotin), amma qPCR (gwajin auna RNA) ya nuna mRNA ɗinsa, wato saƙon da ake bi a ƙera shi, yana nan yadda yake. Na maimaita sau uku, na canza ma'aunin kwatance daga GAPDH zuwa ACTB, sakamako bai canza ba. Abin da ke hana ni barci, furotin ɗin MYC dama saurin rugujewa gare shi, rabinsa kan tafi cikin kusan rabin awa.

Wane gwaji mai araha zai nuna mini ko ribozom, injin ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, ne ya rage ƙera shi, ko rugujewar ce ta ƙaru?