Muhawara: Shin katin Kirsimeti da ya iso bayan biki raini ne?

Malama Ladi, Landan:
Jama'a, barkanmu da warhaka. Ra'ayin da na kawo mu tattauna shi ne, a Ingila katin gaisuwar Kirsimeti da ya isa hannun mai shi bayan 25 ga Disamba ihu ne bayan hari, kuma yana nuna mai aikowa bai ɗauki mutumin da daraja ba. Dalilina kuwa, a nan ba a karanta kati a ajiye shi cikin akwati. Jera su ake yi a saman murhun falo, ko a rataya su a zare jikin bango, su zama cikin adon gida har 5 ko 6 ga Janairu, ranar da ake sauke bishiya da fitilu. Wanda katinsa ya iso a makon farko na Disamba, sunansa zai yi wata guda a gaban mutanen gidan, duk baƙon da ya shigo ya gani. Babu kuma uzurin rashin sani, domin kowace shekara Royal Mail, wato gidan wayar Birtaniya, kan sanar da ranakun ƙarshe na aikawa tun da wuri, kuma ranar masu kan sarki mai araha takan faɗo kimanin mako guda kafin bikin.

Malam Bitrus, Jos:
Malama Ladi, da girmamawa, ban yarda ba. A lissafin coci, ranar 25 ce farkon bikin, ba ƙarshensa ba, domin kwanaki goma sha biyu ake ƙirgawa daga nan zuwa 6 ga Janairu, makonnin da suka gabace ta kuma na jira ne da shirin zuciya. Katin da ya iso ranar 28 ya iso ne a tsakiyar biki. Ki kuma duba katin da aka fara bugawa don sayarwa a ƙasar da kike zaune, wanda Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana a 1843, aka buga guda 1,000, kowane a kan sule ɗaya. Rubutun da ke jikinsa ya haɗa murnar Kirsimeti da fatan alheri na sabuwar shekara, ke nan tun asali wa'adinsa bai tsaya a ranar 25 ba. Ban ma kawo zancen 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ba, waɗanda nasu bikin sai 7 ga Janairu.

Malama Ladi:
Malam Bitrus, lissafin coci daban, abin da mutane ke sa rai daban. Abin da ya fi damuna ma ba adon bango ba ne, ramuwa ce. Wannan al'ada ta ba-ni-in-ba-ka ce, kuma iyalai da yawa suna da jerin sunayen waɗanda suke aika wa kowace shekara. Idan katinka ya iso wa tsohuwa ranar 23 alhali ba ka cikin jerinta, ka jefa ta cikin kunya, domin ba ta da sauran lokacin da za ta saya ta rubuta ta kai gidan waya. Wanda ya aika da wuri ya ba ɗan'uwansa damar fita kunyarsa.

Dokta Sani, Zariya:
Ina neman izinin shiga, domin a Japan, inda na yi karatu, an ɗauki wannan magana da tsanani fiye da Ingila, amma ta wata fuska. Katin da suke aikawa na sabuwar shekara ne, kuma babban abin kunya a wurinsu shi ne ya iso kafin lokaci. Gidan waya kan fara karɓarsa daga 15 ga Disamba, ya tara ya riƙe, sannan a raba da safiyar 1 ga Janairu, a kawo wa kowane gida nasa a ɗaure wuri ɗaya. Wanda yake so nasa ya shiga rabon wannan safiya, ana shawartarsa ya jefa kafin 25 ga Disamba ta wuce. Tun 1949 suke buga lambar cin kyauta ta hanyar ƙuri'a a ƙasan katin, kuma a 2003 adadin da aka buga ya haura biliyan 4, kafin wayar hannu ta rage shi ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun yi wa mai makara tanadi. Wanda ya sami kati daga mutumin da bai aika wa ba yana da dama ya rama har zuwa 7 ga Janairu, in ta wuce kuma sai ya aika wani kati daban na gaisuwar sanyi. Gidan da aka yi rasuwa a shekarar kan aika takardar sanarwa tun Nuwamba ko farkon Disamba, domin kada a aiko musu da murna suna cikin makoki. Saboda haka ina tare da Malama Ladi cewa lokaci yana da ma'ana, amma kalmar raini ta yi nauyi.

Hajiya Rakiya, Maraɗi:
A Faransa mutum yana da damar aika gaisuwar sabuwar shekara har 31 ga Janairu ba tare da kowa ya ga laifinsa ba, kuma ma'aikatunmu na Nijar sun gaji wani abu na wannan ɗabi'a. Mu kuma da muke jiran ganin wata, wa zai iya auna kati ya faɗo daidai ranar Ƙaramar Sallah, alhali sai daren 29 ga Ramadan ake sanin ko gobe ce ko jibi? Akan ma yi shekarar da Maraɗi ta riga Katsina sauka Idi da kwana ɗaya. Shi ya sa mutum zai zo bayan mako guda ya ce an yi Sallah lafiya, a amsa masa da fara'a. 'Yar'uwata Ladi, da babu ai gara ba daɗi.

Malam Bitrus:
Hajiya ta taimake ni. Ƙari a kan haka, mai aikawa ba shi ne mai kaiwa ba. A Disambar 2022 ma'aikatan Royal Mail sun yi yajin aiki na kwanaki da dama, katuna suka yi ta isowa a makare. Hatimin gidan waya da ke kan ambulan yana ɗauke da ranar da aka jefa wasiƙa, kuma shi ya kamata a duba kafin a zargi kowa.

Malama Ladi:
Na karɓi maganar hatimi, na kuma cire wanda ya aiko daga wata ƙasa, domin wasiƙar da ta taso daga Jos ba ta da tabbacin ranar sauka. Amma Hajiya, gaisuwar Sallah da ƙafa ake zuwa yin ta, a zauna a ci abinci, zuwan kansa ya isa shaida. Kati kuwa takarda ce kawai, rabin saƙonsa yana cikin ranar isowarsa. Maƙwabcin da muke layi ɗaya, wanda zai iya zura katin ta ƙofata da hannunsa amma ya bari sai 29 ga wata, har yanzu ban ga uzurinsa ba. In ranar ta kuɓuce masa, ya sayi na sabuwar shekara ya ƙara layi biyu da rubutun hannunsa, wannan zan karɓa hannu bibbiyu.