Neman kalmar Hausa kafin ranar Litinin

Malama mai bincike: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Litinin zan tura masu tattara bayanai unguwannin Sakkwato da takardar tambayoyi a kan ra'ayin jama'a, amma har yanzu ban sami fassarar polarization ba. Abin da nake nufi shi ne halin da masu tsaka-tsaki ke ƙarewa, kowa ya lafe a ƙarshen ɓangarensa, har mutum ya hana ɗan wata jam'iyya auren 'yarsa. Tambayar auren ma tana cikin takardar.

Tsohon ɗan jarida: Mu a rediyo "rarrabuwar kawuna" muke cewa. Haka muka kira zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, wanda Tambuwal ya ci da ratar ƙuri'a 342 kacal.

Malama mai bincike: Na gode, Baba, sai dai kawuna suna iya rarrabuwa gida goma, nawa kuwa biyu ne. Kuma ba ƙarancin rata nake aunawa ba, nisan da ke tsakanin zukata nake nema.

Malamin nahawu: To, ga "gaɓanci", daga gaɓar kogi. Gulbin Rima gaɓa biyu gare shi, kuma duk wanda ya tsaya a tsakiya ruwa ne zai tafi da shi.

Tsohon ɗan jarida: Malam, wayoyin mutane da yawa ba su da ɓ mai lanƙwasa, "gabanci" za a riƙa karantawa.

Malamin nahawu: Ai faɗuwa ta zo daidai da zama, tun da gaba ce tushen abin.

Malamin Arabiyya: A garin Shehu za a tsaya ƙirƙira? Siyasa da jam'iyya da ra'ayi duk daga Larabci muka aro su, don haka "istiƙɗabi" ya wadatar.

Malamin nahawu: Allah ya gafarta Malam, a je kasuwa a karanta wa mai tireda "istiƙɗabi", idan ya gane na janye tawa. Ko sai an ari kalma kafin ta yi daraja?

Malama mai bincike: Ku yi mini afuwa, lokaci ya ƙure. A takardar tambayoyi zan rubuta "rabuwar jama'a gida biyu", domin dattijon da ya ga zamanin tsoffin jam'iyyun NEPU da NPC zai gane ta nan take. "Gaɓanci" kuma zan gwada ta a maƙalata.

Malamin nahawu: Kalma huɗu a gurbin ɗaya! Na haƙura, amma wannan bayani ne, ba suna ba.